Yadda ake ɗaure rufin kwano ya gagari iskar farkon damina

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni labarin ɗaya ne, daga Sakkwato har Maiduguri, daga Maraɗi har Damagaram. Hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi jajawur da ƙura, kafin ɗigon farko ya sauka kwanon wani ya riga ya faɗa tsakar gidan maƙwabci. Washegari a yi jaje, a sayo sabon bandir, kafinta ya hau ya buga shi daidai yadda ya buga wancan. Badi kuma a maimaita.

Yawancinmu muna yin rufi ne da tunanin nauyi: kada katako ya lanƙwashe, kada rufin ya rufta. To ita iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take. Wanda ya gane wannan, sauran aikin duk zai zo masa da sauƙi, kuma kuɗin da zai ƙara bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na sake rufi.

Da farko, ka san ta inda iska ke kama gini

Ka samu takarda, ka riƙe gefenta a ƙasan leɓenka, sauran ya lanƙwaso ƙasa, ka hura iska ta samanta. Za ka ga ta taso, alhali ba ka hura ta ƙarƙashinta ba. Abin da ke faruwa a kan ɗakinka ke nan.

Iskar da muke zaune a cikinta tana matsa kowane abu ta kowane ɓangare, kuma matsin ba ƙarami ba ne: ya kai kusan tan 10 a kan kowace murabba'in mita. Ba ma jin sa saboda na sama da na ƙasa sun yi daidai, sun kashe juna. Idan iska ta taso da gudu ta ci karo da bango, sai ta tsaya cik a jikinsa, matsin wurin ya ƙaru, ta tura bangon ciki. Wadda ba ta samu hanya ba sai ta haura, ta lanƙwasa ta bakin rufi da ƙarin gudu, ta rabu da jikin kwanon tana murɗawa. A nan matsin sama ke raguwa, na cikin ɗaki kuwa yana nan yadda yake. Bambancin ko da rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne, ya isa ya ba da kilo 50 a kan kowace murabba'in mita, kuma sama yake turawa. Daniel Bernoulli, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya fayyace dangantakar gudu da matsi a littafinsa na 1738, kuma har yau da ita injiniyoyi ke fara lissafi.

Saboda haka bangon da ke fuskantar iska turi yake sha. Bangon baya da na gefe biyu, janyo su ake yi waje. Rufi kuma tsotsa ake yi sama, kuma tsotsar ba daidai take ko'ina ba. Ta fi tsanani a kusurwoyi, sai bakin rufi, sai doronsa. A kusurwa takan ninka ta tsakiya sau biyu ko fiye. Ka lura da duk rufin da iska ta yaye, da wuya ka ga ta fara daga tsakiya. Falle ɗaya take ɓantara a kusurwa, ta samu ƙofar shiga, sauran su bi.

Na biyu, ka yi lissafin ƙarfinta

Wannan lissafin ko a bayan kwalin ƙusa za a iya yin sa. Ka ɗauki gudun iska a kilomita cikin awa, ka ninka shi da kansa, ka raba da 210. Abin da ya fito shi ne matsinta a kilo kan kowace murabba'in mita. Iska mai gudun 60 tana ba da kilo 17. Mai 80, kilo 30. Mai 100, kusan kilo 48. Mai 120, kusan 69.

Ka dubi tsallen da ke tsakanin 60 da 120. Gudu ya ninka sau biyu, ƙarfi ya ninka sau huɗu. Shi ya sa maganar nan ta "ai rufin nan ya ga damina goma bai motsa ba" ba hujja ba ce. Bai gamu da tasa ba ne tukuna.

Ba kowa ke da na'urar auna iska ba, amma itatuwa na faɗa. A ma'aunin da Francis Beaufort na rundunar ruwan Ingila ya tsara a 1805, wanda daga baya aka daidaita shi da alamun kan tudu, idan manyan rassa na kaɗawa gudun ya kai 40 zuwa 50. Idan ƙananan rassa suka fara karyewa, ya haura 60. Idan ana tumɓuke bishiya da saiwarta, an kai 90 zuwa 100. Wanda ya taɓa ganin darbejiya a kwance kan titi bayan hadari ya san cewa 100 ba lissafin takarda ba ne a ƙasar nan. Ni a ganina shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a yi aiki da shi, kuma gidan da ke bakin gari, ko kan tudu, ko bene, a ƙara masa.

Mu ɗauki gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8, rufinsa murabba'in mita 80, mai kwantacciyar gangara. A irin wannan rufi tsotsar takan kai kimanin kashi 8 cikin 10 na matsin da muka lissafa wa iska mai gudun 100, wato kilo 38. Sau 80, kilo 3,000 ke nan, tan 3 na ja zuwa sama. Idan kuma ƙofa ko taga ta ɓalle a ɓangaren da iska ke bugowa, ta cika ɗakin tana turo rufin daga ciki, sai a ƙara fiye da rabin matsin, jimilla ta kai tan 5. Nauyin rufin kansa fa? Siririn kwanon da ya cika kasuwa bai wuce kilo 2 a murabba'in mita ba. Ka haɗa da katako da silin ka ce kilo 15, duka-duka kilo 1,200. Saura kilo 3,800 da babu mai riƙe su sai ƙusa da ɗauri.

Turawa ma da asara suka koya. A ranar 28 ga Disamba 1879 iska ta kayar da gadar Tay a Sikotilan, jirgin ƙasa na kai, kuma bincike ya nuna ba a yi wa ƙarfin iska tanadin kirki ba wajen zanen gadar. Bayan nan ne aka gina gadar Forth da lissafin kusan kilo 270 a murabba'in mita.

Na uku, siffar rufi

Idan ba a riga an yi rufin ba, nan ne wurin samun rahusa. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, domin ta ko'ina ta zo gangara take tararwa, kuma katakansa na tallafar juna. Mai gangara ɗaya, irin na shaguna da ɗakunan haya, shi ya fi saurin tashi, musamman idan ɓangarensa da ya fi tashi sama na kallon gabas.

Gangarar kuma kada ta kwanta sosai. Kusan digiri 30 ake so, wato a kowace mita 1 da aka tafi a kwance, rufin ya hau kamar santimita 55 zuwa 60. Rufin da ya kusa shimfiɗewa shi iska ta fi tsotsa. Wanda kuma ya miƙe ƙwarai, irin dogayen nan da ake yayi yanzu a sabbin unguwanni, ya zama bango na biyu, turi yake sha, ga cin katako da kwano a banza.

Bakin rufin da ya zarce bango kada ya wuce santimita 45, kuma a rufe ƙarƙashinsa. A wurin nan iska biyu ke haɗuwa, ta sama na ja, wadda ta bugi bango ta hauro tana turi. Mai son inuwa ya yi baranda, amma rufin barandar ya zama daban, da nasa katakon, kada a zarce da raftar ɗaki ta fito waje. In iska ta ɗauki baranda, ta tafi da ita ita kaɗai.

Rawani, wato ɗan bangon da ake zagaye rufi da shi, yana taimako idan ya yi tsayi, kamar mita 1, domin yana ɗage murɗawar iska daga jikin kwano. Gajere ba ya hana komai a kusurwa. Shi ma rawanin sai an sa masa ginshiƙai da rodi, in ba haka ba shi ne zai faɗo a kan kwanon.

Na huɗu, ɗaurin rufi da bango

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi ha'inci, domin da zarar an buga silin babu mai sake gani.

Koma kan kilo 3,800 ɗin nan. Idan an jera rafta a tazarar mita 1.2, gida mai mita 10 zai ci layi 9, kowanne da ƙafa biyu a kan bango, wuraren ɗauri 18. Kowane ɗauri zai riƙe fiye da kilo 200. Bulo mai inci 9 kilo ashirin da wani abu ne. Wato wanda ya ɗaure rufinsa a layin bulo na ƙarshe kawai, ya ba iska bulo biyu ko uku ne ta ɗaga, alhali tana da ƙarfin ɗaga goma. Shi ya sa za ka ga rufi ya sauka a wani layin da katakonsa cif, har da ɓaraguzan bulo a rataye. Kafinta bai yi laifi a wannan ba, magini ne bai ba shi abin kamawa ba.

Ga yadda ake yi. A zuba kankare mai rodi ya zagaye saman bangon gaba ɗaya, ba kan ƙofa da taga kaɗai ba, kuma rodinsa ya haɗu da na ginshiƙan kusurwa da suka taso daga tushe. Kafin a zuba, a kawo langa-langa mai kauri ko rodi mai milimita 6, a zagaya shi ta ƙarƙashin rodin da ke cikin kankaren, a bar ƙafafunsa biyu a tsaye a waje, tsawon da zai iya haye katako. A yi haka a duk inda rafta za ta zauna. Wannan na nufin magini da kafinta su zauna tare da tef kafin ranar zuba kankare, su sa alama. Kai mai gida kai za ka haɗa su, don in ka bar su kowa ranarsa daban zai zo.

Idan kankare ya kama, a shimfiɗa katakon kan bango, a ɗora rafta, sannan a lanƙwaso langa-langar ta haye kan raftar kanta, ba katakon shimfiɗa kaɗai ba, ta sauko ɗaya gefen. A ja ta ta ɗame, a buga ƙusa uku ko huɗu a kowane gefe, ta kwiɓin katako. Dalilin bugawa ta kwiɓi shi ne, ƙusar da ake ja ta tsawonta zarewa take yi a hankali, wadda kuwa aka ja ta gicciye sai dai ta lanƙwashe ko ta katse, kuma kafin nan ta riƙe ninkin abin da waccan za ta riƙe. Langa-langar da aka bari sako-sako ba ta da amfani: iska ba ja ɗaya take yi ba, fizga take tana saki, kowace fizga na ƙara buɗe ramin ƙusa.

Ginin ƙasa ba ya karɓar wannan kankare yadda bulo ke karɓa, amma dabarar ɗaya ce. A huda bangon kamar mita 1 ƙasa da samansa, a zura waya mai kauri ninki biyu ko rodi, a sa guntun katako ko ƙarfe a gicciye don kada wayar ta yanka ƙasar, a hauro da ita ta kama rafta, a murɗe. Nauyin ƙasar da ke sama da hudar shi ke riƙe rufin. Sai a yaɓe wurin da kyau saboda ruwa.

Na biyar, katako da katako

A sayi busasshen katako. Ɗanye yana ƙanƙancewa idan ya bushe, ƙusa ta yi lako-lako a cikinsa. A shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a hau da shi, har da bakin da aka yanka, domin katakon da gara ta cinye cikinsa ba ya riƙe ƙusa ko da fuskarsa lafiya lau.

Mahaɗar da aka fi mantawa ita ce tsakanin rafta da tubaitun da ake buga kwano a kai. Kafintoci da yawa ƙusa ɗaya suke saukewa daga sama, su wuce. Wannan ita ce ƙusar da ake ja ta tsawonta. A yi biyu a karkace, suna fuskantar juna, sannan a layin bakin rufi da na doro da duk na kusa da kusurwa a ƙara guntuwar langa-langa ta haye tubaitun ta kama rafta. Tazarar tubaitu kada ta wuce santimita 60 ga siririn kwano, a gefuna ma a matso da su. A kuma buga katako a gicciye tsakanin raftoci, daga doro zuwa bango, don kada iskar da ta bugo ta gefe ta kwantar da su gaba ɗaya.

Kana iya ce wa kafinta, "Malam, kafin a ɗora kwano ina so in hau mu zaga tare." Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan.

Na shida, bugun kwano

Tunda hadarinmu daga gabas ya fi zuwa, a fara jera kwano daga yamma a nufo gabas. Ta haka kowane falle zai hau kan na yamma da shi, bakinsa na kallon yamma, iska ta bi ta kansa ba ta samu leɓen da za ta ɗaga ba. A gefe, falle ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi ko biyu. A tsaye kuma, na sama ya rufe na ƙasa da santimita 15 aƙalla. Masu son bandir ya yi auki su ne ke rage wannan, su ci ribar falle biyu, su yi asarar rufi.

Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma mai hula da roba. Mai murɗaɗɗen jiki ta fi mai santsi riƙo, sukurun kwano kuma ya fi su duka, ga wanda ke da hali. A tsakiyar rufi ana iya tsallake tudu ɗaya ko biyu. Amma ka auna mita 1 daga kowane baki, da kowane gefen doro, ka ce wa kafinta a cikin wannan zagayen kowane tudu sai ya sha ƙusa. Siririn kwano ba zare ƙusa yake yi ba, yagewa yake ta kan hular ya bar ta a katako, don haka faɗin hular da yawan ƙusoshin su ne maganinsa. A bi hular doro da ƙusa kusa-kusa, a kuma rufe bakin kwano na gefe da katakon fesiya ko lanƙwasasshen kwano.

Duwatsu da tsofaffin tayoyi da bulo da ake jibgewa a kan rufi fa? Lissafin da muka yi ya riga ya amsa. Kafin su yi maganin kilo 3,800 sai an ɗora bulo fiye da 150, kuma katakon ba zai ɗauka ba. 'Yan ƙalilan da ake ɗorawa suna hana kwano kaɗawa a ƙaramar iska, a babba kuwa su ne ke faɗowa kan mutane.

Farantin sola da tankin ruwa da kwandon tauraron ɗan'adam, kowanne a ɗaure shi da rafta ko kankare, ba da kwano ba, kuma a janye shi daga gefuna. Farantin da aka ɗaga a karkace a bakin rufi, iska na wahalar da mai kayan kara ne kawai.

Ranar hadari

Akwai masu cewa a buɗe tagogi iska ta wuce. Kada ka yi. Ka tuna mai babbar riga a kan babur, yadda iska ke shiga ta wuya da hannu ta kumbura rigar ta baya: haka ɗaki ke yi idan aka buɗe masa baki ta gabas, kuma mun ga yadda tan 3 ke komawa 5. A rufe ƙofofi da tagogi, a sa sakata, musamman na ɓangaren da hadarin ya taso. Ƙofar shago ko gareji mai faɗi ita ce babbar barazana, a ƙara mata sakata sama da ƙasa tun kafin lokacin. A kwashe guntayen kwano da katako da ke yashe a tsakar gida, domin su ne ke fasa gilashin da zai buɗe wa iska hanya. Idan kuma rufi ya fara ɗagawa, kada kowa ya hau ko ya rataya a jikin katako wai zai riƙe. Kwanon da ke tafiya a iska yanka yake yi.

Idan rufin tsoho ne

Watan Maris ne lokacin dubawa, kafin kafintoci su yi tsada. A cire falle ɗaya na silin a kusurwa, a leƙa da tocila. In babu ɗauri, a huda bango layi uku ko huɗu ƙasa da sama, a zura rodi ko langa-langa ta kama rafta, a fara da kusurwoyi huɗu da ɓangaren gabas idan kuɗin bai isa duka ba. A soka tsinin sukundireba a katako, inda ya nutse gara ta gama da shi, a canja. A sama kuma, duk ƙusar da ta ɗago kai kada a mayar da ita raminta, a buga sabuwa a gefe, a toshe tsohon ramin.

Katanga ma tana cikin lissafi. Mai tsayin mita 2.5 da tsawon mita 20 fuskarta murabba'in mita 50 ce, kuma da turin gaba da jan baya iskar 100 na iya ɗora mata fiye da tan 2. Ginshiƙi mai rodi a kowace mita 3 shi ne abin da ke tsayar da ita. Ruwa kuwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ruwan da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa, saurin mai tafiya a ƙasa, yana matsa bango da kusan kilo 50 a murabba'in mita, daidai da waccan guguwar. In gudunsa ya ninka, kilo 200 ne, ban da nauyin wanda ya taru ya kwanta a jikin bangon. Idan katangarka ta tare hanyar da ruwan unguwa ya saba bi, ka bar masa kafofi a layin bulo na ƙasa, ka sa musu raga, ka riƙa kwashe leda da yashi daga bakinsu bayan kowane ruwa.